West Point a Shekarar Korona: Abin da Ya Faru da Aka Raba Ɗaliban Soja da Juna

A gaɓar Kogin Hudson, kimanin kilomita 80 arewa da birnin New York, akwai makarantar da rundunar sojan ƙasa ta Amurka ke renon hafsoshinta tun shekarar 1802, wato West Point. Ɗalibanta sun kai kusan 4,400, kuma duk wanda ya kammala shekaru huɗu a cikinta yana fita da digiri da muƙamin sakan laftana, sannan ya yi wa ƙasa aikin soja na aƙalla shekara biyar. Ba ya biyan kuɗin makaranta, hasali ma gwamnati ce ke ba shi alawus duk wata. Wanda ya san NDA ta Kaduna zai gane irin wurin da ake magana a kai, sai dai ita ta Kaduna tana horar da sojan ƙasa da na ruwa da na sama a wuri ɗaya, ita kuwa Amurka ta ware wa kowace runduna tata makarantar: ta sojan ruwa tana Annapolis, ta sojan sama kuma tana kusa da Colorado Springs.

Daga watan Maris na 2020 zuwa Afrilun 2021, West Point ta sha fama da abubuwa uku da jaridu suka riƙa kawowa a rarrabe: annobar korona, bikin yaye ɗalibai da ya jawo ce-ce-ku-ce, da kuma satar jarrabawa mafi girma da makarantar ta gani tun 1976. Idan aka duba da kyau, jijiyarsu ɗaya ce. Tarbiyyar da ake yi a wannan makaranta ta dogara ne kacokan a kan zama tare, kowa a idon kowa dare da rana, kuma wannan zaman ne annobar ta fara rushewa.

Ba za a fahimci girman rushewar ba sai an san yadda rayuwa take a can kafin cutar. Sabon ɗalibi, wanda yawanci sai ya samu sahalewar ɗan majalisar dokokin tarayya kafin a duba takardunsa, yana isowa ne a lokacin bazarar Amurka. A ranar karɓa ana ba shi ɗan lokacin da bai kai minti biyu ba ya yi sallama da iyayensa, daga nan a aske kan maza, a raba kaki, a kuma koya masa cewa amsa huɗu kawai yake da ita ga na gaba da shi: eh yallaɓai, a'a yallaɓai, ba ni da uzuri yallaɓai, yallaɓai ban fahimta ba. Makonni shida na horon farko suna biyo baya, kuma mafi yawan masu horarwar ɗalibai ne 'yan shekara ta uku da ta huɗu. An raba ɗaliban makarantar zuwa rukunoni 36 da ake kira kamfani, kowane kamfani ya haɗa 'yan ajin farko har zuwa na ƙarshe a bariki ɗaya. Ana fitowa fareti tare, dubban mutane suna cin abinci lokaci guda a babban zauren Washington, kuma ɗan shekarar farko ne ke zuba ruwa a tebur, yana sanar da sauran mintocin da suka rage kafin fareti, yana kai wa manya wanki. Azuzuwa ƙanana ne, ɗalibai ba su kai ashirin ba, bisa tsarin da Sylvanus Thayer ya kafa lokacin da ya shugabanci makarantar daga 1817 zuwa 1833, inda ake sa ran ɗalibi ya yi karatunsa tun kafin ya shigo aji, ya tashi gaban allo ya nuna abin da ya sani. Wasanni kuma wajibi ne a kan kowa.

A cikin wannan tsari babu inda mutum zai ɓuya, kuma da gangan aka yi haka. Dokar mutunci ta makarantar jimla ɗaya ce tak: ɗalibi ba zai yi ƙarya ba, ba zai yi maguɗi ba, ba zai yi sata ba, kuma ba zai kau da kai ga mai yin su ba. Sashen ƙarshen nan shi ne mafi nauyi, domin yana nufin wanda ya ga abokin ɗakinsa yana satar amsa ya yi shiru, shi ma ya karya doka. Bahaushe ya ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma dokar tana aiki ne da kunyar mutanen da kake kwana kana tashi da su fiye da tsoron hukuma.

A farkon Maris na 2020 ɗalibai suka tafi hutun mako guda da aka saba yi a tsakiyar zango. Kafin hutun ya ƙare, annobar ta fara bazuwa sosai a jihar New York, sai hukumar makarantar, ƙarƙashin Laftanar Janar Darryl Williams, ta umarce su da su zauna a gida. Da yawa sun tafi ne da 'yar jaka ɗaya, littattafansu da kayansu suna bariki. Aka mayar da karatu ta intanet har ƙarshen zango. Ɗalibin da aka shafe watanni takwas ana koya masa yadda zai riƙe hannunsa idan yana tafiya ya tsinci kansa a ɗakin da ya girma a ciki, ba fareti, ba mai duba gado, ba babban ɗalibi a bakin ƙofa.

Makarantar sojan sama ta bi wata hanya daban, kuma abin da ya same ta yana nuna cewa babu zaɓi mai sauƙi a lokacin. Ta sallami ƙananan ɗalibai zuwa gida, ta riƙe 'yan ajin ƙarshe kusan dubu ɗaya, ta raba su kowa da ɗakinsa, ta hana cuɗanya, da nufin su kammala lafiya a kan lokaci. A ƙarshen Maris, cikin kwanaki kaɗan, biyu daga cikinsu suka mutu a yanayin da aka ɗauka kashe kai ne. Ba wanda zai iya cewa killacewar ce kaɗai sanadi, amma hukumar da kanta ta sassauta dokokin nan take, ta bari su koma zama bibbiyu a ɗaki, ta kuma matso da bikin yaye su zuwa 18 ga Afrilu. A wajen bikin ne aka ƙaddamar da 86 daga cikinsu a matsayin hafsoshin sabuwar rundunar sararin samaniya. Makarantar sojan ruwa kuwa ta haƙura da babban taro, ta rantsar da ɗalibanta rukuni-rukuni, ta haɗa bikin ta bidiyo.

West Point ta so ta yaye nata a ranar 23 ga Mayu, aka ɗage. A tsakiyar Afrilu Shugaba Donald Trump ya bayyana wa 'yan jarida cewa zai je ya yi jawabi a bikin da kansa, aka tsayar da 13 ga Yuni. Wannan yana nufin dawo da ɗalibai fiye da dubu daga kowane lungu na ƙasar zuwa jihar da cutar ta fi yi wa ɓarna. Masu suka sun ce an jefa lafiyar matasa cikin haɗari don shugaba ya samu dandalin magana a shekarar zaɓe. Rundunar ta amsa da cewa ko ba biki dole ne su dawo, domin akwai gwajin lafiya da takardun da sai an kammala kafin a tura hafsa wurin aiki, ga kuma kayansu da ke bariki. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, sai dai kwashe kaya da cike takardu ba sa bukatar a tara mutum dubu a rana ɗaya. Aka yi wa kowa gwaji da isowarsa, aƙalla 15 suka fito da cutar ba tare da alamun rashin lafiya ba, aka ware su, sauran kuma aka killace su rukuni-rukuni na mako biyu. A ranar bikin, ɗalibai 1,107 suka zauna a kujerun da aka jera da tazarar kusan mita biyu a filin faretin makarantar, maimakon filin wasa na Michie inda aka saba yi. Iyaye sun kalla ne daga gida.

Kafin ranar ta zo, wata wutar ta riga ta kama. Wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, wani baƙar fata, a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, zanga-zanga ta bazu, kuma a ranar 1 ga Yuni jami'an tsaro suka kori masu zanga-zanga da ƙarfi daga dandalin Lafayette da ke gaban Fadar White House, jim kaɗan kafin Trump ya taka zuwa wani coci a ɗauke shi hoto. A cikin masu rakiyarsa akwai sakataren tsaro Mark Esper, wanda ya kammala West Point a 1986, da babban hafsan hafsoshi Janar Mark Milley cikin kakin yaƙi. Milley ya fito daga baya ya ce kuskure ne kasancewarsa a wurin. Kwana biyu kafin bikin, ɗaruruwan tsofaffin ɗaliban makarantar suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan ajin 2020, suna tunatar da su cewa rantsuwar da za su yi ga tsarin mulki ce, ba ga wani mutum ko jam'iyya ba. A cikin watan ne kuma wasu matasan hafsoshi tara da ba su daɗe da kammalawa ba suka miƙa wa hukumar doguwar takarda a kan wariyar launin fata da ɗalibai baƙaƙe ke fuskanta, suka nemi a cire sunaye da hotunan janar-janar ɗin Kudu da suka yaƙi gwamnatin tarayya a yaƙin basasa. Babban abin da ake nuni da shi shi ne Robert E. Lee, wanda ya shugabanci makarantar daga 1852 zuwa 1855 kafin ya jagoranci sojojin 'yan aware, amma akwai bariki da sunansa, hotonsa kuma yana rataye a ɗakin karatu. Williams shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe shugabancin West Point, kuma a kan teburinsa wannan takarda ta sauka. Sai a ƙarshen 2022 aka sauke hoton, bayan wani kwamiti da majalisa ta kafa ya ba da shawara.

Sababbin ɗalibai kusan 1,200 sun iso a tsakiyar Yuli, an rarraba karɓarsu a kwana uku maimakon ɗaya, an gwada kowa, an kuma taƙaita horon farko zuwa mako huɗu. Da zangon kaka ya fara, makarantar ta dawo da kowa ta rufe ƙofa. Takunkumi ya zama ɓangare na kaki, aka tsaurara fita gari da ziyarar iyali, wanda ya kamu ko ya yi mu'amala da mai cutar kuma a ware shi. Ta fuskar lafiya makarantar soja ta fi jami'ar farar hula sauƙin sarrafawa, domin ɗalibanta matasa ne masu ƙoshin lafiya kuma umarni suke bi, amma farashin shi ne an toshe 'yan ƙofofin shan iska da ke sa mutum ya jure wa wurin, irin su hutun ƙarshen mako da ganin 'yan uwa. Abin farin cikin da aka samu shi ne wasan ƙwallon ƙafar Amurka tsakanin sojan ƙasa da sojan ruwa, wanda aka ɗauke daga Philadelphia aka kawo filin Michie ranar 12 ga Disamba, karo na farko da aka buga shi a West Point tun 1943. Ɗaliban makarantun biyu ne mafi yawan 'yan kallo, hazo ya rufe fili, sojan ƙasa suka ci 15 da nema.

Bayan 'yan kwanaki labarin da hukumar ta shafe watanni tana bincike a kai ya fito a jarida. A watan Mayu, lokacin da kowa ke gida, an yi jarrabawar ƙarshen zango ta lissafin kalkulas ta intanet, kuma malamai sun lura cewa takardu da dama suna ɗauke da kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya. Ɗalibai 73 aka tuhuma, 72 daga cikinsu 'yan shekarar farko, ɗaya ɗan shekara ta biyu. Mafi yawansu sun amsa laifi. Fiye da rabinsu kuma 'yan wasan da ke wakiltar makarantar ne a gasanni daban-daban, abin da ke nuna cewa amsar ta bi hanyar zumuncin da ya riga ya ƙullu ne, abokin ƙungiya ya miƙa wa abokin ƙungiya.

Wannan adadi na 72 shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Waɗannan su ne ɗaliban da suka fi kowa ƙarancin zama a cikin tsarin, an raba su da shi kafin su cika shekara. Za a iya karanta hakan ta hanya biyu. Mai kare makarantar zai ce tarbiyyar shekara huɗu ce, an katse ta a wata na takwas, don haka ba abin mamaki ba ne a ga ba ta kama jiki ba. Mai sukar ta zai ce idan gaskiyar ɗalibi tana tafiya ne kawai muddin akwai mai kallonsa, to abin da aka dasa masa biyayya ce, kuma hafsa yakan yanke hukunci mafi nauyi a rayuwarsa a inda babu mai duba shi: rahoton adadin fararen hular da harin ya shafa, ko lissafin makaman da suka ɓace, ko gaya wa na sama labarin da ba ya son ji. Tim Bakken, malamin shari'a a makarantar, ya bayyana lamarin a matsayin batun tsaron ƙasa saboda wannan dalili, ganin cewa daga cikin waɗannan matasa ne manyan kwamandojin gobe za su fito. A ganina hujja ta biyu ta fi ƙarfi, amma ba ta rushe ta farko ba, domin ba a taɓa samun makarantar da ke ɗaukar ɗan shekara goma sha takwas tana zaton ya riga ya kammalu ba. Kuma ba West Point kaɗai abin ya shafa ba. Makarantar sojan sama ta binciki ɗalibai 249 kan maguɗi a zangon da aka yi daga gida, ta sojan ruwa kuma ta gano cewa fiye da ɗari sun leƙa inda aka hana a jarrabawar fiziks da aka yi ta kwamfuta a Disamban 2020, har 18 suka bar makarantar.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta hukunci, kuma tana da tarihi. A 1951 an kori ɗalibai 90 kan satar amsa, 37 daga cikinsu 'yan ƙungiyar ƙwallo, domin a wancan zamanin hukuncin karya dokar mutunci ɗaya ne, wato kora. A 1976, shekarar da aka fara ɗaukar mata, ɗalibai 153 suka bar makarantar kan wani aikin injiniyan lantarki da aka ba su su yi a ɗakunansu. Kwamitin da tsohon ɗan sama jannati Frank Borman ya jagoranta ya gano cewa tsaurin dokar yana haifar da akasin abin da ake so: tunda kai ƙara yana nufin kashe rayuwar aboki gaba ɗaya, ɗalibai sun gwammace su rufa wa juna asiri. Aka ba wa waɗanda aka kora damar dawowa bayan shekara, fiye da 90 suka dawo, aka kuma kira Janar Andrew Goodpaster daga ritaya ya karɓi makarantar, ya yarda ya sauka daga tauraro huɗu zuwa uku don ya riƙe muƙamin. Tun daga nan shugaban makarantar ya samu ikon zaɓar hukuncin da bai kai kora ba, tunani ya karkata daga tace ɗalibai a zubar da masu aibi zuwa gyara su.

A 2015 aka ƙara matsawa a wannan hanya da wani shiri na amsa laifi da son rai. Ɗalibin da ya amsa da wuri ba za a kore shi ba, sai a haɗa shi da wani hafsa mai ba shi shawara, ya shafe watanni yana nazari da rubuce-rubuce a kan laifinsa. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa mutum kai kansa ko kai abokinsa. Ɗalibai 55 daga cikin waɗanda aka tuhuma a 2020 sun shiga wannan shiri, kuma nan ne tsofaffin ɗalibai da yawa suka fusata, suna ganin an mayar da doka ciniki: wanda malami ya riga ya kama da hujja a hannu, amsa laifinsa ba son rai ba ne, dabarar tsira ce. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne bayanin da ya fito cewa a watan Oktoba Williams ya dakatar da ƙa'idar da ke hana mai laifin mutunci wakiltar makarantar a bainar jama'a, wanda hakan ya ba wa wasu 'yan wasan damar ci gaba da buga wasa. Hujjarsa ita ce ƙa'idar tana hukunta 'yan wasa fiye da sauran ɗalibai kuma tana tona asirinsu a idon duniya. Hujjar ba ta banza ba ce, amma ɗage doka a tsakiyar kakar wasa, alhali yawancin masu laifin 'yan wasa ne, abu ne da zai yi wuya a wanke shi daga zargi ko da niyyar mai yin ta kasance mai kyau.

A watan Afrilun 2021 makarantar ta sanar da sakamako. Daga cikin 73 ɗin, shida sun ajiye karatu da kansu yayin bincike, kwamitin ɗalibai ya wanke huɗu, an janye tuhuma a kan biyu saboda ƙarancin hujja. Sauran 61 an same su da laifi: takwas aka kora, 51 aka mayar da su baya da shekara guda, biyu da wata shida. A lokaci guda aka soke shirin amsa laifi da son rai, bayan nazari ya nuna cewa bai ƙara yawan masu kai kansu ba kuma bai rage kau da kai ba, wato ainihin abin da aka ƙirƙire shi dominsa. Kora ta sake zama hukuncin da zai iya hawa kan kowane mai karya dokar, ko ya amsa ko bai amsa ba, ko da yake ikon sassauci yana nan a hannun shugaban makarantar.

Maimaita shekara a West Point ya wuce sake zaman aji. Ɗalibi yana rasa abokan da ya sha wuyar horon farko tare da su, yana kallon su su riga shi samun muƙami, kuma a aikin soja wanda ya riga ka da shekara guda yana iya zama na gaba da kai har ku yi ritaya. Waɗanda aka mayar baya daga ajin 2023 sun koma ajin 2024, suka zama sa'o'in yaran da suka shigo a Yulin 2020 sanye da takunkumi, alhali a ƙa'ida 'yan ajin 2023 ne ya kamata su koya wa waɗannan yara dokar mutunci.